Saniyar Yumɓu Mai Ciki

Ni kafinta ne a Rano, kuma duk wanda ya aurar da 'ya a ƙauyukan da ke kewaye da mu, da wuya a ce bai ji labarin gadona ba. Cewa ake yi gadona haihuwa yake yi. Idan na yi wa amarya gado, ranar da Allah ya sauke ta lafiya, kafin suna za a ga an kawo mata 'yar kujerar tsugunno daga shagona, fentinta irin na gadon sak, kuma kyauta. Mutane suna ta yabona, wai kaina yana ja. Ni kuwa hannu biyu nake sawa in karɓi yabon, ina murmushi, ina cewa baiwa ce daga Allah. Baiwa ce daga Allah, wannan ba ƙarya, sai dai ba ni aka bai wa ba. Yayata aka bai wa, ni ɗauka kawai na yi na kai kasuwa. Na fi shekara ashirin ban buɗe baki na faɗi haka ba, ko a gabanta ko a bayan idonta. Bara da damina ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta yi mata nauyi, sai tsoro ya kama ni: kada ta tafi, ko hankalinta ya riga ta tafiya, ban faɗa mata ba.

A Fassi muka tashi, can ƙasar Kibiya. Shekara biyu Yaya ta ba ni. Ranar Alhamis ba makarantar allo, sai Inna ta ɗora mata ƙullin wanki ta ce ta tafi rafi da ni, ta kuma sa mini ido, domin ni tun ina ƙarami ba na raina abin faɗa. A bakin rafin akwai wani gefe mai yumɓu, baƙi wuluk, mai danƙo. A nan yara ke taruwa, mu 'yan cikin gari da 'ya'yan Fulanin da suka zauna a bayan gari suna noma suna kiwo. Mu gina shanu, mu jera su a gindin wata ɗinya, kasuwa ta ci. Da goruba ake saye, da aduwa, da magarya, wani lokaci da gyaɗar da yaro ya zaro daga buhun uwarsa ba ta sani ba.

Ba don alfahari ba, to, da ɗan alfaharin, duk bakin rafin nan ba wanda ya kama ƙafata a gini. Bijimi nake yi, ƙato, da tozo, da fatar wuya tana reto, ga ƙaho dogo kamar ɗan yatsana, a lanƙwashe ya kalli sama. 'Ya'yan Fulani da suka san shanu ciki da bai sukan ɗauka su jujjuya, su kalli juna su gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya fi mini goruba daɗi. Ina gama gini sai in shanya a kan dutse rana ta gasa su, don in sayar a ranar, ba ni da haƙurin jira.

Sai dai kowace Alhamis da rigimar da ke jirana. Yaro zai saya, ya jefa a aljihu, ya kama hanyar gida a guje, kafin ya isa ƙahon ya karye, ko cikin ya tsage saboda gashin rana. Mako na zagayowa ya zo mini da gundulmin sa, yana hawaye, wai in mayar masa da gorubarsa. Gorubar da na riga na gwaigwaye har ƙwallo! Sai in ce masa, "Ni na ce ka sa a aljihu?" Daga nan sai kokawa, riga ta yage, mu koma gida Inna ta haɗa ni da Yaya ta zane mu, ni don faɗa, ita don ba ta hana ba.

Ina jin dukan ne ya ishi Yaya. 'Yan mata a lokacin tukwane da 'yan kasake suke ginawa su yi tuwon ƙasa, Yaya ta ce ita ba ta ga mai sayen tukunya ba. Alhamis biyu ta yi tana wanki tana leƙen kasuwarmu. Ta uku sai ta ƙulle yumɓu a bakin zaninta ta tafi da shi gida. Ta kwaɓa shi da ƙaiƙayi, ta gina abin da za ta gina, ta tura ƙarƙashin rumbu inda rana ba ta kaiwa, ta bar su har mako guda suna shan iska.

Ranar da ta fito da su a gindin ɗinya na yi dariya har da faɗuwa. Gajeru ne, ƙafafu dunƙule, ciki ƙato, kai kuma ba ƙaho ko ɗaya, sai 'yan huda biyu da ta yi da tsinke.

Na ce, "Yaya, wannan saniya ce ko kwaɗo?"

Ko kallona ba ta yi ba. Wata yarinya Bafulatana ta tsuguna ta ce, "Wannan nagge ina ƙahonta?" Yaya ta kwance wani ganye, ta zaro farar ƙaya guda biyu, ta soka a hudar nan. Nan take saniya ta zama saniya. Ta sake zare su ta naɗe a ganyen, ta ce, "Sai kin je gida ki sa mata. In ya karye, ƙaya ba ta ƙarewa a daji." Sannan ta shafa ƙaton cikin nan da yatsa, ta rage murya kamar mai faɗin asiri, ta ce, "Kuma ciki gare ta. Ki kula da ita, ki dawo da ita Alhamis mai zuwa, za ta haihu."

Tabɗi! Kafin la'asar ba saura ko ɗaya a gabanta. Ni kuma ga bijimaina a jere a kan dutse, sai ƙuda.

Alhamis ta zagayo, sai ga yara tafe, kowa ya riƙo saniyarsa da hannu biyu, yana takawa a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Yaya ta karɓi saniya ta zagaya bayan ɗinya, mu ji tana nishi tana kukan shanu, yara sun yi tsit, can sai ta fito da ɗan maraƙi bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ɗora wa mai saniya a tafin hannu. Wanda ya zo da tasa ta gutsure a wani wuri, sai Yaya ta sha kunu ta ce, "Ka wahalar da ita, ta yi ɓari. Sai wani makon." Ba wanda ya ƙara jefa saniya a aljihu. Kuma tun da an riga an zo, ga goruba a hannu, ai sai a ƙara sayen wata, maraƙi ya samu 'yar uwa.

Baƙin ciki ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Wata Laraba da rana, Inna ta shiga maƙwabta, na ja ciki na shiga ƙarƙashin rumbun nan na bi shanun Yaya ɗaya bayan ɗaya na murƙushe. Ina fitowa na sami Yaya tsaye. Ta leƙa, ta ga abin da na yi, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Na tsaya tsuru-tsuru ina jiran ta kai ƙara. Da ta gama sai ta share ido da bakin zani ta ce, "Kai wawa ne. Kai ka iya gini, ni na iya kasuwa. Ka gina, in sayar." Inna har ta koma ga Allah ba ta san wannan zance ba.

Haka muka haɗa hannu. Ni nake gina jikin, shanunta suka yi kyau, suka daina kama da kwaɗi. Amma hannuna ba ya jin magana, ko na yi niyyar barin kan haka nan, sai in farga na ja ƙaho dogo. Ita kuma ba ta faɗa, sai dai ta miƙo hannu ta sa babban yatsa ta tsinke su, ɗaya, biyu, ta mulmula yumɓun ƙahon ya zama ɗan maraƙi. Daga nan ta laƙaba mini mai dogon ƙaho, har na yi gemu haka take kirana in ba kowa a wurin.

Muka girma. Aka kai ta Dawaki gidan miji, ni kuma aka kai ni Kano koyon kafinta. Na daɗe a can, na dawo Rano na buɗe shago, na yi aure. Gadajen amare na fi yi, kuma wallahi gado ne na gani na faɗa: fuskar gadon doguwa, ta kusa taɓo rufi, ga madubi a tsakiya, ga furanni da na sassaƙa a sama, duk na bi da gam da ƙusa na kafe su gam-gam. A shago kowa ya gani sai ya tsaya. Amma gado ba a shago ake kwana a kansa ba. Ɗora shi ake yi a bayan a-kori-kura, a bi da shi hanyar Yalwa da ƙauyukan ciki, hanyar da ruwa ya zaizaye, mota tana tsalle tana dirowa. Kafin a isa madubi ya tsage, furanni sun ɓalle. 'Yan jere su tashi hankalinsu, gwaggwannin amarya su zo shago su tsaya a kaina. Ni kuma in ɗaga murya in ce, "Ni na yi hanyar? Ku je ku tambayi direba!"

A hankali aiki ya ɗauke. Magana ta zagaya cewa gadona ba ya isa gida lafiya. Sai in wuni a shago ina kaɗe ƙurar katako, ga iyali, ga yara biyu. Har na fara tunanin in rufe in koma Kano in yi wa wani aiki. Ranar da abin ya kai mini iya wuya na hau keke na tafi Dawaki. Na sami Yaya a tsakar gida tana matsar ƙuli-ƙuli, hannu duk mai. Na zauna a kan turmi na zazzage mata komai, ina zagin direbobi, ina zagin hanya, ina zagin gwaggwannin amare. Ta bar ni na gama. Sai ta kama dariya, irin dariyar da take sa ta riƙe ciki, har na fara jin haushi.

Ta ce, "Ashe har yanzu dogon ƙaho kake yi?"

Ta ci gaba da matsa, ta ce, "Ka tsinke ƙahon mana. Ka ba su ƙayarsu a ganye, sai an je gida a sa." Ta ɗan jima, sannan ta ɗago ta ce, "Ina kuma ɗan maraƙin?"

Na ce, "Haba Yaya, ana maganar gaske kina maganar wasa. Gado ne fa."

Ta ce, "Ranar suna mata nawa ne ke cika gidan mai jego? Wace ce a cikinsu ba ta da 'yar da za ta aurar?" Ta miƙo mini ƙuli mai zafi ta ce in ci in tafi, tana da aiki.

Tun a kan keke na gama shirya komai a kaina. Fuskar gado na raba ta gida uku, kowane yanki da hudarsa da notinsa. Madubi na daina kafe shi, naɗe shi nake yi a tsohon bargo a rungume shi a gaban mota. Ranar jere ni da kaina nake zuwa in haɗa a cikin ɗakin amarya. In na gama ɗaure noti na ƙarshe, sai in buga gadon da tafin hannu in ce wa 'yan jere, "Gadon nan ciki gare shi, in an haihu ku aiko mini." Su kwashe da dariya, wasu su yi guɗa. Kuma aikowa suke yi. Guntayen katakon da a da nake ba mata su hura wuta, su nake haɗawa in yi 'yar kujera, in shafa mata ragowar fentin gadon. Ranar suna mai jego tana zaune a kanta, mata suna tambayar daga ina. Shekara ba ta zagayo ba sai da na faɗaɗa shago.

Akwai ranar da har gobe in na tuna sai na ji zafi a fuskata. Jere ne a Yalwa, dangin mijin Yaya ne suke auren, saboda haka tana cikin ɗakin, zaune a gefe tana ninke zannuwan amarya. Ina durƙushe ina ɗaure noti, sai wata Hajiya, gwaggon amarya, ta ce, "Malam, don Allah wa ya koya maka wannan dabara?" Ɗaki cike da mata, duk suka juyo. Yaya tana nan, taku uku tsakaninmu. Na buɗe baki na ce, "Hajiya, tunani ne kawai, Allah ya kawo mini." Yaya ba ta ɗago ba. Ta gama ninke zanin da ke hannunta, ta ajiye, ta ce, "Ai tun yana yaro haka yake, kansa yana ja."

Girman kai ne, ba wani abu ba. Na kasa yarda a ce macen da ba ta taɓa riƙe zarto ba ita ta tsayar mini da shago. Na yi ta kai mata atamfa da shinkafa da sallah, 'ya'yanta mata duk ni na yi musu gado ban karɓi komai ba, ina ganin kamar hakan zai tsaya a madadin maganar. Ita kuma ta karɓa ta sa albarka, ba ta taɓa ko yi mini gugar zana ba. Da ma ta taɓa yi, da na samu hanyar yin faɗa in huce.

Da ciwon ya same ta na je asibiti na tsaya cikin 'yan dubiya, ban iya cewa komai ba sai "Sannu Yaya." Aka sallame ta, na yi ta zuwa ina komawa da maganata a baki. Wata rana babbar 'yarta ta rako ni zaure ta ce, "Kawu, wani lokaci sai ta yi ta kallonmu kamar ba ta gane mu ba." Na hau babur na koma gida.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na rufe shago tun da hantsi na nufi Fassi. Rafin ya tsuke, ɗinyar ma an sare ta, amma gefen nan mai yumɓu yana nan. Na naɗe hannun riga na tsuguna, da furfurata da komai, ina kwasa ina zubawa a leda. Wani manomi da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce masa magani ne.

Bayan azahar na isa Dawaki. An fito da ita inuwar rumfa, an jingina ta da matasai a kan tabarma. 'Ya'yanta biyu suna nan, da wasu matan maƙwabta da suka shigo dubiya. Da suka gan ni suka fara gyara mayafi za su tashi, na ce don Allah kowa ta zauna, magana gare ni kuma ina so a ji. Na zauna a ƙasa a gabanta. Duk abin da na tsara a hanya ya gudu, sai na fara da tsakiya. Na ce gadon nan da ake cewa yana haihuwa ba dabarata ba ce, tata ce, tun muna yara a bakin rafi. Na ba su labarin ƙayar da ake naɗewa a ganye, da nishin bayan ɗinya, da shanun da na murƙushe a ƙarƙashin rumbu, da ranar ƙuli-ƙuli, da ranar Yalwa. Na ce, "Yaya, ni gini kawai na iya. Duk abin da na ci a sana'ar nan, ke kika ba ni, na kuma yi shiru saboda ni wawa ne, kamar yadda kika faɗa. Ki yafe mini."

Babbar 'yarta ta ce a hankali, "Kawu, wallahi Umma ba ta taɓa faɗa mana ba." Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na kalli Yaya. Idonta yana kaina, amma fuskar ba ta motsa ba. Ban san ko ta ji ba, ban san ko ta san wanda ke gabanta ba. Na ce a raina shi ke nan, na makara. Don kada in yi kuka a gaban mata sai na kwance ledar, na yayyafa ruwan buta, na kama murza yumɓu. Hannu bai manta ba. Na gina saniya, na yi mata ƙafafu gajeru, na yi ciki ƙato, na ajiye a kan tabarma kusa da hannunta na hagu, mai lafiyar. Sai da na ajiye na lura ashe na ja mata ƙaho, dogaye, a lanƙwashe sun kalli sama.

Ta daɗe tana kallon saniyar. Can sai hannun ya motsa, a hankali. Ta sa babban yatsa ta tsinke ƙaho ɗaya, ta tsinke na biyu. Rabin bakinta ya ɗaga, kafaɗarta ta fara girgiza, dariya take yi, irin tata, sai dai ba sauti. Ni kuma hawayen da nake ta riƙewa suka zubo, ban ma damu da matan ba.

Ta dinga mulmula yumɓun ƙahon a kan cinyarta da yatsu uku, ya kuɓuce, 'yarta ta miƙa mata, ta sake. Da ƙyar ya zama wani ɗan abu mai kai da ƙafafu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na miƙa tafin hannuna. Sai ta dunƙule hannunta ta janye shi zuwa ƙirji. Ta tura mini saniyar da gwiwar hannu. Bakinta ya yi ta kokawa da kalmar, muna jira, har ta fito.

"Alhamis."

Tun daga ranar ba na buɗe shago ranar Alhamis. Masu gado suna ƙorafi, na ce su yi ta yi. Na shanya saniyar a inuwa mako guda kamar yadda aka koya mini, na samo mata farar ƙaya biyu. Duk mako nakan kai ta Dawaki in ajiye a kan tabarma, Yaya ta jujjuya ta da hannun hagu, ta duba ko na wahalar da ita, ta shafa cikin, sannan ta girgiza kai: tukuna. 'Yarta ta ce mini ɗan maraƙin yana ƙarƙashin matashinta, ba ta yarda kowa ya taɓa, ko shimfiɗa za a canja sai an ba ta shi ta riƙe.

Saniyar gaske wata tara take yi. Tawa ta shiga na goma sha ɗaya, kuma karo na farko ke nan a rayuwata da aka ja mini rai ban yi faɗa ba. Kullum roƙona Allah ya sa ta daɗe ba ta haihu ba. Gobe Alhamis, na riga na naɗe ta a tsumma na sa a cikin gwangwani.